Likita Lawal, Ka Tafi Gero Bai Nuna Ba

Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Sha'aban na wannan shekara ta 1978, Mai rai da mutuwa Ya karɓi abinSa. Malam Muhammadu Lawal, ma'aikacin jinya a Kazaure, wanda mu mutanen ƙasar Gwiwa ba mu san shi da wani suna ba sai Likita, ya rasu da hantsi a kan hanya, bisa babur ɗinsa, ya nufo ƙauyenmu. Babbar mota ce ta bar hannunta ta same shi a nasa. An ce direban ya yi kwanaki idonsa bai ga barci ba. Ban tambayi abin da ya hana shi barcin ba, don na sani. Na Allah ne mu duka, kuma can za mu tarar da wanda ya riga mu.

Ni ne Lado, makaɗin gangar noma, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba ganga ta ɗauke ni. Mairo matar ɗana ce take rubuta wannan, ita da ta yi ajin yaƙi da jahilci. Tana bayan zana, ina faɗa tana sawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ta rage mata zafi. Na je gaisuwa Kazaure, aka bar ni na zauna inda ake tuɓe takalma. Manyan riguna suna ta faɗin alherinka, Likita, wasunsu ko hanyar ƙauyukan da kake zuwa ba su sani ba. Babu wanda ya juyo ya ce, tsoho, kai me ya haɗa ka da shi? To, tunda ba a tambaye ni ba, zan faɗa da kaina.

Ɗana Sama'ilu ne ya haɗa mu, kuma shi kaɗai Allah Ya bar mini namiji.

Yaran yanzu ba su san gayya ba, sai an yi musu bayani kamar baƙi. A da, in mutum gonarsa ta fi ƙarfinsa, sai ya gayyaci samarin gari, su jeru da garemani, mu makaɗa muna biye da su. Kowane saurayi da takensa. In na ga ƙarfin wani ya fara sanyi, ba na ce masa komai, takensa kawai zan kaɗa, sai ka ga bayansa ya miƙe kamar an zuba masa sabon jini. Taken Sama'ilu ni na yi masa tun yana goye a bayan uwarsa Dela, Allah Ya jiƙanta. Ganga tana cewa: Ɗan Dela, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba. Da ya girma ya cika taken. Daga nan har ƙasar Roni babu wanda ya taɓa riga shi kai ƙarshen gona, har aka daina kiran sunansa, sai Barde.

Sai kuɗin mai suka zo. Kowa ya zama ɗan kwangila. Ƙanena Daudu, wanda muka tashi muna rataya ganga ɗaya, ya jefar da ita, ya shiga tara wa wani attajiri lebura a wata ƙatuwar gona da aka share wajen Babura. Ya je Makka, ya rufa gidanmu da kwano, daga ranar maganarsa ta fi tawa nauyi a gidan da ni ne babba. Na ce masa ya tafi da ni in yi wa yaran kiɗa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, yanzu ba a noma da ganga." Ya tafi da Sama'ilu, ya bar ni.

Ashe gaskiya ya faɗa. Da wani abin ake yi. Shugaban leburorin yakan daka ƙwaya ya zuba a randar kunun da ake ba su da safe, ba tare da sun sani ba. Su wuni suna huɗa babu yunwa babu gajiya, suna tsammani albarkar kunun ce. Da suka gane, jikinsu ya riga ya saba, sai suka koma saye da kansu a tasha, wurin mai tire. Daudu ya rantse mini bai san da ƙwayar ba. Rantsuwarsa tana tsakaninsa da Allah. Ni dai na san randar a ƙofar rumfarsa take.

Da aiki ya ƙare aka dawo mini da wani mutum mai kama da ɗana. Ya rame, haƙora suna cizon juna, ba ya ci, ba ya barci, surutu kamar rediyo. In abin ya sake shi kuma sai ya kwanta kamar gawa. Ya sayar da garmarsa. Ya sayar da akuyoyin Mairo. Ya fara cewa ana bin sa, har ya fasa wa maƙwabcinmu kai a kan ya ce ya ji shi yana ƙulla masa sharri. Duk wannan na daure. Ranar da na kasa daurewa ita ce ranar da na same shi zaune gindin bango, na ɗauko ganga na kaɗa masa takensa a kusa da kunnensa. Ko ƙifta ido bai yi ba. Kamar ina buga wa bangon. Yaron da tun bai iya tafiya ba in ya ji kiɗan nan yake zillo a bayan uwarsa.

Ni sammu na ɗauka. Na yi yawon masu magani har tsallaken iyaka, na sayar da ɗan abin da nake da shi, na canza kuɗin zuwa sefa, kuɗin can, aka yi hayaƙi, aka yi wanka, babu abin da ya motsa. Bayan kakar bara Daudu ya ce ya gaji da jin kunya a gari. Ya kira maƙeri a auna ƙafar Sama'ilu, a sa masa mari, a kai shi wani gida mai nisa inda ake tsare irinsu. Na san gidan. Na san waɗanda aka kai, ban san wanda ya dawo da hankalinsa ba.

Ranar Mairo ta fita ba ta nemi izinin kowa ba, ta taka har Gwiwa, don ta ji an ce wani ma'aikaci daga Kazaure yana duba marasa lafiya, kuma ya yi karatun ciwon hankali a kudu. Ta dawo da kai.

Ba zan manta shigowarka ba. Kai ɗan gidan sarauta, ubanka da kakanka duk ma'aikatan fada, ka tuɓe takalmi a ƙofar zaurena, ka durƙusa ka gaishe ni, ni makaɗi, ka ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Na ƙi amsawa da kyau. Na ɗauka kai ma ka zo ne ka kalli mahaukaci ka tafi. Ka zauna wurin Sama'ilu a ƙasa, farar rigarka a cikin turɓaya, ka yi ta yi masa magana a hankali har ya yarda ka kama hannunsa. Sa'annan ka tashi ka fuskanci Daudu.

"Alhaji, ƙarfe zai riƙe ƙafarsa, amma ciwon ba a ƙafa yake ba. Ka ba ni aronsa."

"Har yaushe?"

"Har geron baɗi ya nuna. In ya nuna bai samu sauƙi ba, ni da kaina zan ce na kasa."

Daudu ya dubi maƙeri, ya dubi mutanen da suka taru, ya ga ba dama ya musa wa ɗan manya a gaban jama'a. Ya ce ya yarda. A kan wannan alkawari muke rayuwa tun daga ranar.

Daga nan duk ranar da ba ka aiki sai mu ji ƙarar babur ɗinka. Ba a aiko ka ba, ba a biyan ka. Na kama maka zakara ka ƙi karɓa, ka ce a yanka wa Sama'ilu ya sha romo. Gyaɗa kaɗai ka yarda ka ci a gidana, ita ma sai ka ɓare ka raba da shi. Kwanakin farko, da yake barci kamar ba zai tashi ba, in ya tashi ya yi ta kuka yana cewa a bar shi ya mutu, kai ne ka ce kada mu tsorata, haka abin yake sakin mutum. Da layya ka kawo mini fatar akuyar gidanku, ka ce ka lura fatar gangata ta tsufa. Shekarata nawa ina yi wa mutane kiɗa, babu wanda ya taɓa duban fatar gangata.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani makiyayi wajen Roni da ɗansa ya faɗa irin wannan, akwai wata tsohuwa a Gwiwa da jikanta direba ne. Duk kana bi. Su faɗi nasu in suna da mai rubuta musu.

Amma abin da na fi riƙewa shi ne zamanmu gindin gawon ƙofar gida, ranar da na ce maka ni fa har yanzu sammu nake zargi. Ba ka yi mini dariya ba. Ka ce, "Baba, in kana kiɗa a bakin gona, Barde yana can tsakiya, hannunka yana taɓa shi?"

Na ce a'a.

"To me ke ɗaga shi?"

Na ce take.

Ka ce haka cikin kan mutum yake. Wai ƙwaƙwalwa cike take da 'yan jijiyoyi, sun fi zaren auduga siranta, yawansu ya wuce lissafi, kuma ba sa taɓa juna. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai ɗan rata, kamar tsakanin makaɗi da manomi. In ɗaya tana son ta tashi ɗayar, ba kiɗa take yi ba, wani ɗan ruwa take ɗiga mata. Ta gaban tana da wasu 'yan kunnuwa da ke karɓar ɗigon, da ya taɓa su sai ta zabura, ita ma ta ɗiga wa ta gaba. Ka ce ruwan iri-iri ne, wani na tayarwa, wani na kwantarwa, amma akwai guda da ke cewa mutum, wannan abu da daɗi, tashi ka sake nemansa. Ka faɗi sunansa da Turanci, bakina ya ƙi ɗauka. Shi ke ɗiga in mai yunwa ya ji ƙamshin tuwo, shi ke ɗiga in uba ya hangi ɗansa, shi ke ɗiga in Barde ya ji takensa. Kuma da ya gama aikinsa sai jijiyar ta janye abin da ya rage, wuri ya yi shiru, kamar shirun da ke tsakanin bugu da bugu.

Na ce, "Ka taɓa fasa kan mutum ka ga ruwan?"

Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce, "Ƙwaƙwalwa na gani, Baba, ruwan kam ido ba ya ganinsa. Kai ka taɓa ganin take yana tafiya a iska?"

Na bar ka ka ci gaba, ba don na yarda ba.

Sai ka ce ita ƙwaya ba ta kawo wani ƙarfi daga waje. Wannan ruwan na jikin mutum take matsowa da ƙarfin tsiya, ta tuttular da shi gaba ɗaya, ta kuma hana a janye shi. Ka ce in ɗauka an tara makaɗan ƙasar Kazaure kaf a kan kunnen mutum ɗaya, suna bugu babu tsayawa, yau da gobe da jibi. Me zai yi? Na ce zai toshe kunne. Ka ce haka jijiyoyin Sama'ilu suka yi don su tsira: sun toshe kunnuwansu, wasu ma sun janye su. Yanzu tuwo ya yi musu ƙasa, muryar matarsa ta yi musu ƙasa, gangar ubansa ta yi musu ƙasa. Babu abin da ke kai musu sai ƙwayar, ita ma sai an ƙara. "Ba raina ka ya yi ba, Baba. Ba ya ji ne, can ciki."

Likita, a ranar na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ran da Dela ta rasu. Na shekara ina tsammani ɗana ya ƙi ni.

Na tambaye ka ko kunnuwan suna buɗewa. Ba ka yi mini ƙarya ba. Ka ce suna buɗewa, amma a hankali, wata da watanni, kuma masanan ma ba su gama sanin abin ba. Ka ce akwai wani haɗari kuma: ƙwaƙwalwa tana haddace hanyar da ƙwaya ta bi ta shigo. Duk abin da ya saba zuwa kafin ita, ƙamshi ne, wuri ne, murya ce, in ya sake haɗuwa da shi jijiyoyin za su tashi su fara kira tun bai yi shawara da kansa ba. Shi ya sa ka hana a dama kunu a gidanmu, Mairo ta koma fura. Ka hana a aike shi tasha ko a bi da shi ta wajenta. Ni kuma ka ba ni aiki: kullum da safe in kaɗa masa takensa, a hankali, can ƙasa-ƙasa, babu kirari, babu taro, kuma kada in dube shi ina jiran amsa.

A nan muka yi faɗa da kai. Ni ban gaji kiɗan raɗa ba. Wata safiya na sake hannu, na buga yadda ubana ya koya mini, na bi da kirari har maƙwabta suka leƙo. Yaron ya tashi ya shige ɗaki yana rawar jiki. Da ka zo ka ji, ka ce, "Haba Baba, mai ciwon ido kake haska wa fitilar mota?" Na ce kai za ka koya mini ganga? Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarka. Ba ka fasa durƙusawa ba. Har yau ina ganin da ka bar ni na ƙara hannu kaɗan da an fi sauri, amma na bi maganarka.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Sama'ilu ya fara cin abinci, ya fara bin mu gona, yana noma kamar wanda aka sa dole, amma yana yi. Ranar Litinin, jajiberin rasuwarka, an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, muna maimai, noma na biyu. Na zauna kan tsohon surin bakin gona, ina taɓa gangar yadda ka ce. Ban dube shi ba, ta wutsiyar ido na gani. Ya tsaya. Kafaɗarsa ta dama ta motsa, ta faɗa daidai kan bugun. Ta sake. Sa'annan ya sunkuya, fartanyarsa ta shiga bin kiɗan har ƙarshen layin. Mairo da ta kawo fura ta gani, ta ajiye ƙwaryar ta juya baya tana share ido. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wannan labari na mutum ɗaya ne, gobe yana tafe.

Talata na shimfiɗa tabarma gindin gawo, na ajiye gyaɗa. Maimakon babur sai keke ya zo, da wani mutum da ban sani ba, ya tambayi gidan Lado makaɗi.

Yanzu ga ƙarata, kuma a kanka nake kawo ta. Sau nawa na ce maka ka rabu da babur ɗin nan, hanyar ta cika da motocin da ba sa ganin mutum? Ka ce mota ba ta shiga ƙauyukanmu da damina. Kuma na taɓa tambayar ka, in yaron ya faɗi fa? Ka ce, "Zai iya faɗuwa, Baba, da yawa suna faɗuwa, ba shi ne ƙarshe ba. In ya faɗi ku kira ni." Iyakar abin da ka ce ke nan. Ku kira ni. To ya faɗi, Likita. Ina zan kira ka?

Gaisuwarka ce ta kayar da shi. Ya ce sai ya je, ya ce mutumin da ya zauna da shi a turɓaya ba zai ji mutuwarsa daga gida ba. Wa zai hana shi? Kuma babu hanyar Kazaure sai ta tasha. Da tafiya na riƙe hannunsa, muka wuce lafiya. Da dawowa ya yi kuka ya gaji, bai ci komai ba. Muka sauka, ga mai kunu ta buɗe roba, ƙamshin tsamiya ya cika wurin, ga babbar mota tana ta oda, sai na ji wata murya daga gefe ta ce, "A'a, Barde! Kwana biyu." Mai tiren nan ne, yana nan inda yake, babu wanda ya taɓa ɗaga shi. Na ji hannun yaron ya jiƙe da gumi a cikin nawa. Na ja shi muka shiga masallaci sallar la'asar. Ina sallamewa na duba gefena, babu kowa.

Ya dawo gida da kansa, idonsa na ƙyalli, bakinsa ba ya rufuwa. Washegari ya shiga gona tun da sassafe, ya nome tamu, ya faɗa ta maƙwabci, yana sare gero tare da ciyawa bai sani ba. Gari duka ya gani. Kafin azahar Daudu ya iso da maƙeri, marin a hannu, an riga an ƙera shi tun bara.

Na tsaya a ƙofar zaure na ce, "Daudu, alkawarin fa?"

"Da Likita na yi shi, Yaya. Likita ya rasu."

"Cewa ka yi har gero ya nuna. Je ka duba, ko kai bai fitar ba."

"Geron da ɗanka ya sare? Yau na maƙwabci, gobe wuyan wani. Ni ake kai wa ƙara, ba kai ba. Wa zai riƙe shi yanzu?"

Tambayar gaskiya ce. Na waiwaya, ga Sama'ilu zaune, abin ya fara sakinsa, yana kallon ƙarfen kamar ba ƙafarsa za a sa wa ba. Ga gangata rataye a bango. Na sauke ta, na zaro wuƙa na yanke maratayinta, na fata ne, ubana ya yi shi, ya fi Daudu shekaru. Na ɗaura baki ɗaya a hannun yaron, ɗaya bakin a hannuna na hagu, na ja ƙullin da haƙori.

Na ce, "In ɗauri ake so, ga ɗauri. Mai riƙe shi ga shi."

Daudu ya ce, "Yaya, ka haukace kai ma? Zai ja ka ya karya ka."

"Sai ka binne ni, ka huta da jin ganga a gidanka mai kwano."

Maƙeri ya sunkuyar da kai. Daudu ya daɗe yana huci, sa'annan ya karɓi marin ya rataye shi a ƙusar da gangata take, ya ce, "Yana nan. Ran da fatar nan ta tsinke, ko ya ja ka zuwa tasha, ba zan sake sauraron kowa ba." Ya fita.

Haka muke tun ranar. Tare muke salla, kafaɗa da kafaɗa. In zai kewaya ina tsaye bakin zana. A gona mukan mayar da ɗaurin ƙugu, yana gaba ina bin sa kamar jela. In kiran ya taso masa yakan miƙe ya nufi ƙofa bai san ya miƙe ba, ni kuma in zube ƙasa in rungume turmi. Hannuna ya kumbura, fatar ta ci mini wuyan hannu. Jiya ya dubi wurin ya ce, "Baba, kwance ni, zan ji maka ciwo." Na ce, "Ji mini." Ya kifa kansa a gwiwata.

Ban sani ba ko wannan magani ne ko wauta ce. Da kana nan da ka gaya mini, ko da faɗa. Kullum da safe ina matse gangar tsakanin gwiwoyina, tunda ba ta ratayuwa, ina taɓa ta ƙasa-ƙasa. Kafaɗar ba ta sake motsawa ba. Shin kunnuwan sun koma sun toshe gaba ɗaya, mun koma farko? Ko abin da ya buɗe yana nan, firgita kawai ya yi? Kuma ga azumi a bakin ƙofa. Ka hana kunu a gidana, na hana. Amma da azumi kowane gida a garin nan kunu zai dama da yamma, ƙamshin zai tsallako katanga ta kowace kusurwa. Zan hana gari shan ruwa? Wannan ba ka gaya mini ba, don ka ɗauka kana nan.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa. In akwai wanda ya yi karatu tare da Malam Lawal, ko ya yi aiki a gefensa ya ji irin bayanin da yake yi, don girman Allah ya zo. Ya sauka a Gwiwa ya tambayi gidan Lado makaɗi, kowa ya sani. Ba ni da abin biya sai gyaɗa. Ba na neman a yi mini alkawarin warkewa, shi ma bai yi mini ba. A zo a dubi yaron, a gaya mini abin da zan yi gobe, kafin ƙarfina ya ƙare. Na tsufa, shi kuma Barde ne.

Hajiya Fatu, uwargidan marigayi, ke kaɗai kika aiko aka kira ni daga wurin takalma, kika yi mini magana ta bayan labule. Kika ce ranar ko karyawa bai tsaya yi ba, ya ce Baba Lado yana jira na. Yanzu ina cewa: ki yafe mana, hanyarmu ce ta ci shi. Labarin da na ajiye masa ban samu na ba shi ba, ke nake ba: aikinsa ya kama, na gani da idona, ko da na safiya ɗaya ne. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa 'ya'yansa su gaji durƙusonsa. Ina miƙa gaisuwa ga 'yan'uwansa da abokan aikinsa da dukan mutanen Kazaure, har da waɗanda ba su ba ni wurin zama ba.

Ya Allah, bawanKa Muhammadu Lawal ya zo gare Ka a kan hanyar taimako. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa wa jahili bayani. Ya hana a sa wa ɗan wani ƙarfe, kada Ka bari wani ƙunci ya taɓa shi. Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu kuma da muka rage, Ka ƙarfafa wannan tsohuwar fata, Ka ƙarfafa hannun da ke cikinta, Ka kai mu ganin gero ya nuna. Amin.

Likita, geron ya fara ciki. Yaron ya farka, ga shi yana jan hannuna. Mairo, ajiye alƙalamin nan, turo mini gangar.